Shukar Inna a Baranda

Ranar da aka zo kwashe kayan Inna daga tsohon gida, abu guda kawai ta kafe a kai. An ce gadon ƙarfenta ba zai hau bene ba, ta ce a bar shi. An rarraba wa maƙwabta tukwanenta, ko kai ba ta ɗaga ba. Amma da ta ga an rufe bayan mota an bar wata 'yar shuka da ke gefen ƙofar ɗakinta, sai ta koma ta zauna a bakin ƙofar, ta harɗe hannuwa.

"In ba da ita za a tafi ba, ni ma ina nan," ta ce.

Babban ɗanta, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya, ya dubi agogo, ya dubi ƙanwarsa. Ita ce ƙarama a 'ya'yan Inna, kuma duk da ta yi aure har ta fara furfura, Auta ake kiranta. Wurinta Inna za ta koma da zama. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Tun ranar da Inna ta ɗora ruwa a wuta ta fita titi neman mijinta da ya daɗe da rasuwa, suka san zaman kaɗaici ya ƙare mata.

Yaya ya ari shebur wurin maƙwabci, ya haƙa yana gunaguni. Auta ta samo wani tsohon bokitin fenti a bayan ɗaki, aka dasa shukar a ciki. Ba ta wuce gwiwa ba, ta dunƙule kamar an yi mata aski, ganyenta ƙanana ne masu sheƙi, furanninta jajaye sun fito curi-curi. Auta ta tashi tana ganinta a wannan gefen ƙofar, amma ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Shukar Inna kawai ake ce mata.

Auta da mijinta suna zaune a hawa na sama na wani bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon gabas. Shi mai gyaran firij ne, shagonsa na ƙasan benen. Shi ya ɗauko bokitin a kafaɗa, da ya dire ya share gumi, ya raɗa wa matarsa, "To ga fulawa ta zo, saura yis da sukari mu buɗe gidan burodi."

Inna ta ji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuma kunyar suruka ta kama shi, ya sulale ya sauka.

Makonnin farko sun yi daɗi. Auta tana aiki a wani kantin magani, ta fita da safe ta dawo da yamma. Mijin yakan hau lokaci-lokaci ya leƙa Inna, ya kai mata abinci. Kullum a baranda yake samunta, kan farar kujerar roba, da buta a gefenta. Takan manta inda bayi yake, takan tambayi gidan wa ne wannan, amma hanyar baranda ba ta taɓa ɓace mata ba.

Sai ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Furannin da ba su buɗe ba suka riƙa zubewa. Auta ta ɗauka ƙishi ne, tunda an ciro ta daga ƙasa an sa a bokiti, sai ta ƙara mata ruwa kafin ta fita aiki. Abin ya ƙara lalacewa. Inna ta riƙa tsince ganyen da ya faɗi tana tarawa a cinyarta.

"An yi mata wani abu," take cewa. "Ba haka take ba."

Wata safiya Auta ta yanki ɗan reshe mai fure, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A hanyarta ta aiki, kusa da gada, akwai wata mata da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi, ta jera su cikin baƙaƙen ledoji tun daga bakin kwalta har gangare. Auta ta shekara tana wuce ta a mota. Ranar ta sauka.

Mai furannin babbar mace ce, da malafa da takalmin roba. Ta karɓi reshen ta juya shi.

"Anti, sunanta nake so in sani, da abin da ke damunta," in ji Auta.

"Dubi nan. Ganye biyu-biyu, suna fuskantar juna, kuma in kika taɓa za ki ji da ɗan kauri." Ta zare fure ɗaya daga curin. "Ga shi da dogon wuya siriri, bakinsa ya rabu huɗu. Ikzora ake ce mata. Akwai doguwa, wadda ake shinge da ita, akwai gajera. Taki gajerar ce. Ko ta tsufa ba za ta wuce ƙugu ba."

Auta ta maimaita sunan a hankali don kada ya ɓace mata.

"Rawayar kuma iri biyu ce," matar ta ci gaba. "In sabon ganye ne ya koɗe, jijiyoyinsa suna nan kore, to ƙasar ce ba ta yi mata ba. Ba ta son ruwan sabulu, ba ta son toka, ba ta son ɓurɓushin siminti. In kuma na ƙasa ne ya yi rawaya ya yi laushi yana faɗuwa, irin wannan, ruwa ne ya yi mata yawa. A me kika dasa ta?"

"A bokiti."

"An huda gindinsa?"

Auta ta girgiza kai.

"Ai kin sa ta a rijiya kenan," matar ta ce, tana murmushi. "A huda, a gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen ganye. Tana son ranar safe. Kafin ki ba ta ruwa, ki tura yatsa cikin ƙasar. In ya fito da danshi, ki ƙyale ta."

Da yamma mijin ya hawo da injin huda, ya yi wa bokitin ƙofofi. Wani baƙin ruwa mai wari ya tsiyaye. Suka sake ƙasar kamar yadda aka ce. Auta ta daina ba ta ruwa gaba ɗaya, tana jira ta bushe. Amma duk yammar da ta dawo ta tura yatsa, sai ta ji caɓal kamar an yi ruwan sama.

Maƙwabciyarsu ta hawan ƙasa ce ta warware mata. Ta tare ta a matakala, bayan gaisuwa ta ce, "Don Allah ba ƙorafi nake ba, amma ko famfonku ya fashe ne? Wuni ake ruwa na ɗiga daga barandarku. Shanyata ba ta bushewa."

Ranar hutunta Auta ta zauna a falo da kayan guga, inda take hango baranda. Inna ta gama shan shayi, ta ɗauki buta ta cika, ta je ta durƙusa gaban shukar.

"Kin sha ƙishi, ko? Ba wanda ya tuna da ke," ta ce, ta juye mata duka.

Ta zauna a kujera tana kallon titi. Auta ba ta gama guge riga biyu ba, sai ta ga Inna ta dubi shukar, ta dubi butar, ta miƙe ta nufi famfo.

"Inna, ai yanzu kika ba ta."

"Ni? Yaushe?"

"Yanzun nan. Taɓa ƙasar ki ji."

Inna ta taɓa. Ta dubi yatsunta, fuskarta ta rikice. "Wani dai ya zuba. Ni ban ba ta nawa ba." Ta wuce ta cika butar.

Haka aka wuni. Duk zuwa sai ta ba shukar haƙuri, da murya ɗaya, da kalmomi iri ɗaya. Auta ta kashe dutsen guga, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Da farko ɓoye butar ta yi. Inna ta birkice gidan da nema, har cikin firij da ƙarƙashin katifa, daga baya ta koma ɗiba da kofi. Aka ɓoye kofuna, mijin ya hau ya same ta tana kai ruwa a tafin hannu, zaninta ya jiƙe sharkaf, ga tayil da santsi. Sai Auta ta kulle ƙofar barandar ta tafi da makullin. Ranar Inna ta wuni tsaye a jikin gilashi, goshinta a manne, abincin da aka kawo mata ko kallo bai ishe ta ba.

Da Auta ta dawo, mijin na zaune a matakala yana jiranta.

"Ba ni makullin nan," ya ce.

"Za ta kashe ta."

"Na sani. Amma waccan shuka ce, wannan kuma Inna ce."

"In ta mutu fa? Kana ganin Inna za ta ɗauka?"

Hannu kawai ya miƙa. Ta ciro makullin daga jaka ta ba shi.

Ta kira Yaya a waya ta gaya masa. Yana cikin hayaniyar wurin aiki, ya ce, "Ki sayo mata ta roba mana. Ta yi ta zuba ruwa har ta gaji."

"Yaya, ba hankalinta ne ya gushe ba. Mantuwa take."

"To me kike so in yi, Auta?"

"Ka zo ka gan ta."

Ya ce zai zo ƙarshen mako. Bai zo ba sai bayan wata.

Auta ta koma bakin gada. Mai furanni ta saurari labarin duka ba ta katse ta ba. Ta ce ita ma kakarta haka ta yi, sai dai ita kaji take ta ba hatsi har suka kasa tafiya. Ta ba Auta tsakuwa a leda, ta ce a zuba a gindin bokitin, a ɗora shi kan bulo don ruwan ya riƙa wucewa, a nemo wa Inna ƙaramar buta irin ta wasan yara. Duk aka yi. Shukar ta ɗan farfaɗo, har ta yi sabon toho, Auta ta sa rai. Sai aka shiga kwanakin hadari, rana ta ɓuya, ƙasar ta daina shan iska. Tohon ya yi baƙi. Rassa suka tsaya tsirara.

"Ki kankare bawon da farce," in ji mai furanni. "In kin ga kore, da sauran rai."

Auta ta kankare a reshe, ta kankare a tsakiya, ta gangara har gindi. Ko'ina launin ruwan ƙasa ne, busasshe. Da ta ɗan ja, sai shukar ta taso gaba ɗaya, saiwoyin sun ruɓe sun zama kamar jiƙaƙƙen zare. Ta mayar da ita ta danna ƙasar. Inna ta ci gaba da ba itacen ruwa, tana tambayarsa abin da ya sa ya yi fushi.

A lokacin Inna ta fara rikita mutane. Surukinta takan ce masa mai gyara, ta yi masa godiya in ya kawo abinci, ta ce ya gaida mutanen gida. Auta kuma wata rana ta gane ta, wata rana ta ce mata baiwar Allah.

Ranar da Yaya ya zo, aka ce ya kai Inna ganin likita. Suna fita Auta ta tafi bakin gada. Ita da mai furanni suka bi layin ledoji suna dubawa, wannan ta yi tsawo, wannan janta ya yi haske, wannan ba ta cika ba, har suka sami wadda Auta ta ce ko ita ba za ta bambance ba. Ta dasa ta a bokitin nan dai, ta share barandar, ta ajiye kujera inda take. Busasshiyar kuma mijin ya sauka da ita.

Inna ta dawo a gajiye, amma ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki 'yar butarta. Su uku suka tsaya a falo suna kallo. Ta durƙusa, ta ɗaga butar, sai ta dakata. Ta ajiye. Ta shafa ganyen, ta tura hannu cikin rassan ta bi karan har ƙasa, ta sake bi.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taki ce, Inna," in ji Yaya. "Warkewa ta yi."

"Tawa tana da karaya a nan. Keken babanku ne ya faɗa mata, na ɗaure da tsumma, ta warke a karkace." Ta juyo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ina kuka kai ta?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Auta ta je ta durƙusa kusa da ita, ta ce, "Ta mutu, Inna. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Inna ta yi kuka mara sauti, tana ta murza bakin mayafinta. Yaya ya fita matakala, aka ji yana fyace hanci.

Washegari ta fito baranda, ta taɓa shukar, ta sake tambaya. Auta ta sake gaya mata, Inna ta sake yin kukan, sabo fil, kamar ba ta taɓa ji ba. Da aka yi haka kwanaki, Auta ta ga ba za ta iya ci gaba da kashe mata shukar nan kowace safiya ba.

"Tana tsohon gida," ta ce mata wata rana.

"Wa ke ba ta ruwa?"

"Auta."

"Auta?" Inna ta girgiza kai. "Ai kuwa ta shiga uku. Yarinyar nan kullum cikin sauri take, ko shayi a tsaye take sha. Amma tana da tausayi. In ta tuna za ta ba ta. Ke kin san ta?"

"Na san ta."

"In kin gan ta ki ce ina cigiya."

Sabuwar shukar Inna ba ta taɓa ɗiga mata ruwa ba. In Auta ta miƙa mata butar, sai ta ce ba a taɓa kayan mutane. Ƙasar ta samu ta bushe, Auta na ba ta daidai ƙima, shukar ta yi kore shar, ta cika da fure har masu wucewa a titi na ɗaga kai. Maƙwabciya ta ce shanyarta na bushewa yanzu, sai kuma ta ji nauyin maganar, ta ce Allah ya ba Inna lafiya.

Inna kuwa ta rage fita baranda. Ba abin da ke tashinta da safe. Takan wuni a gado tana kallon silin, abinci sai an yi ta lallashi. Ƙafafunta suka yi nauyi. Auta ta rage kwanakin aiki.

Wata la'asar ta samu ta fito da ita shan iska. Inna ta zauna a kujerar roba, ta daɗe tana kallon shukar, sai ta ce, "Baiwar Allah, wannan taki ce?"

"Tawa ce."

"Ba ki iya ba. Kin bar mata matattun furanni, suna shanye mata ƙarfi. Kawo almakashi."

Auta ta yi jim, don an daɗe da ɓoye mata duk wani abu mai kaifi. Ta dai ɗauko. Hannun Inna da ke rawa in ta riƙe cokali, da ya kama almakashin sai ya tsaya cak. Ta ɗaga wani curi da ya bushe, ta gangara zuwa ganye biyun da ke ƙarƙashinsa, ta datse daidai samansu.

"Nan ake yankewa. Daga nan za ta fito da kai biyu. Kada ki yi mata aski tana cikin fure, ki bari ta gama. Ki riƙa ɗaga ganyen kina duba bayansa. In kin ga tururuwa na hawa, akwai farin ƙwaro a ɓoye, ki goge shi da tsumma." Ta miƙa mata almakashin. "Yi in gani."

Auta ta yanka.

"Kin yi sama da yawa. Sake."

Ta sake. Inna ta gyaɗa kai. Suka bi shukar reshe-reshe har rana ta faɗa bayan gine-gine, Inna na nunawa, Auta na yankewa. Da suka gama Inna ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Kina da hannu. Uwarki ba ta koya miki ba ne?"

"Ta so ta koya min. Ni ce ban tsaya ba."

"Haka yara suke," in ji Inna. "Kai ni ciki, na gaji."

Ba ta sake yin doguwar magana irin wannan ba. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kama ta, ya sauka a ƙirji. Aka kwantar da ita a asibiti, Auta da Yaya suna karɓa-karɓa a bakin gadon. Ta cika wata safiya, lokacin Auta ta sauka sayo ruwan zafi, Yaya ne ke riƙe da hannunta. Ya ce ba ta ce komai ba.

Da baƙi suka watse, gidan ya koma su biyu, Auta ta koma aiki. A ranar farko, da mota ta iso gada, ta ce a tsaya. Mai furanni na tsugune tana cika ledoji da ƙasa. Ta ɗago, ta dubi fuskar Auta, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Yaushe?"

"An kwana biyu."

"Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri." Ta jawo wani benci ta kakkaɓe shi da malafarta. "Zauna."

"Zan makara, Anti."

"Zauna dai."

Auta ta zauna. Wata mota ta tsaya, wani mutum ya leƙo yana tambayar abin da zai shuka a bakin ƙofa wanda ba ya girma da yawa. Mai furanni ta tafi wurinsa. Auta ta ciro waya ta kira kanti, ta ce musu sai zuwa rana za ta shigo.